Daga Zabira Zuwa Reza: Tarihin Aski a Ƙasar Kankiya da Kusada

A ƙarshen watan Janairun 1851 wani matafiyi Bajamushe, Heinrich Barth, wanda ya laƙaba wa kansa suna Abdulkarim, ya bar birnin Katsina ya nufi Kano. Hanyar fatake ta wancan zamani ta bi da shi ta Kusada, har ya ambaci garin a littafin tafiye-tafiyensa. Da ya isa Kano a farkon Fabrairu, sai ya bi kasuwa yana lissafa hajar da raƙuma ke ƙetaro Sahara da ita: takarda, madubai, allurai, takubba daga Solingen ta Jamus, da asake daga Styria, wani yanki na ƙasar Ostiriya.

Kan asaken nan ya ɗan tsaya. A ganinsa ba su da wani inganci, ƙotarsu ta baƙin itace ba ta da ƙwari. Amma ya lura mutanen ƙasar suna son su, sun iya wasa su har su yi kaifi mai ban sha'awa, suna kuma ɗaure ƙotar da jan ƙarfe don ta yi ƙarko. Ke nan tun shekaru hamsin kafin Turawan mulki su shiga Katsina a 1903, ƙarfen aski na ƙetare yana zagaya kasuwannin wannan yanki, kuma darajarsa tana hannun wanda ya iya wasa shi. Gardamar da ake yi yau a majalisun Kankiya da Kusada, tsakanin dattawa masu cewa babu kamar aska da samari masu cewa reza ta fi tsafta, tana da tushe a wannan tsohon tarihi.

Wanzamin gida

A ƙasar Hausa ta da, mutum ba ya aske kansa da kansa. Akwai mai wannan aiki, kuma gadonsa ya yi. Masanin nan M. G. Smith, wanda ya yi bincike a ƙasar Zazzau wajen 1950, ya bayyana yadda Hausawa ke bambanta sana'ar da aka gada da wadda aka shiga da rana tsaka, yana mai nuna cewa ta gado ta fi kwarjini a idon jama'a. Wanzanci yana cikin sana'o'in gado. Yaro yakan fara da ɗaukar wa mahaifinsa zabira, ya koyi jiƙa kai da wasa aska, ya gwada hannunsa a kan ƙannensa da almajirai, kafin a bar shi ya taɓa kan magidanci.

Zabira ita ce jakar fata mai aljihuna da yawa da wanzami ke ratayawa, aikin dukawa. A cikinta akwai asake manya da ƙanana, da 'yar tsaga, da almakashi, da hantsaki, da ƙahonin shanu, da dutsen washi, da ɗan sabulu, da ƙulle-ƙullen magani. Asaken kuwa yawancinsu aikin maƙera ne. Da can daga tamar da aka narka a gida ake ƙera su. Bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, motoci suka biyo baya, sai maƙera suka koma ga tsofaffin ƙarafan Turai, waɗanda suka fi sauƙin samu.

Kowane gida yana da wanzaminsa, kamar yadda yake da malaminsa da ungozomarsa. Ba a cinikin aski tsakaninsu. Wanzami yana zagayawa gida-gida, ko ya zauna a inuwar kasuwa ranar cinta, ya yi wa mutanensa aski. Da kaka a ba shi damin gero ko na dawa, da Sallah a yi masa alheri, in an yi haihuwa ya samu kasonsa. Polly Hill, wadda ta zauna a Batagarawa kusa da birnin Katsina ta fitar da littafinta kan karkarar Hausa a 1972, ta nuna cewa mai sana'a a ƙauye manomi ne tukuna. Haka wanzamin Rimaye ko na Kafin Soli ko na Yashe yake: da damina yana gona, da rani zabira ba ta sauka daga kafaɗarsa. Bisa wanzaman gari kuma akwai Sarkin Aska, wanda hakimi ko dagaci ke naɗawa. Shi ke raba rigima in wani ya shiga gidan da ba nasa ba, shi ake nema in aiki ya gagari ƙananan wanzamai.

Aski kuwa kaɗan ne daga aikin wanzami. Ranar suna, kwana bakwai da haihuwa, bayan an raɗa wa jariri suna an yanka rago, wanzami ne ke aske gashin da yaron ya zo da shi duniya, al'adar da ta dace da koyarwar Musulunci. A da a wannan lokaci ne ake yin tsagar gado, irin su bille da fashin goshi da zube da kalangu, waɗanda ke faɗin asalin mutum kafin ya buɗe baki. Wanzami ne kuma ke cire beli. Shi ke yi wa yara maza kaciya, galibi da sanyin hunturu, a tara 'yan shekara bakwai zuwa tara a yi musu tare, a yi ta jinyarsu da kaji da fura. Shi ke yin ƙaho: ya kafa ƙahon a baya ko a ƙeya, ya zuƙe iskar, ya tsattsaga wurin da 'yar tsaga, ya sake kafawa jini ya taru. Likita kuma masanin al'adu L. Lewis Wall, wanda ya yi bincike a yankin Malumfashi ya wallafa littafinsa kan maganin Hausawa a 1988, ya jera wanzami tare da boka da ungozoma da maɗori a cikin masu kula da lafiyar jama'a.

Wannan haɗin aski da fiɗa ba ƙasar Hausa kaɗai ta san shi ba. A Landan, a 1540, zamanin Sarki Henry na Takwas, an haɗa masu aski da masu fiɗa a ƙungiya ɗaya, ba su rabu ba sai 1745. A can an raba sana'o'in biyu tun kusan shekaru ɗari uku da suka wuce. A nan suna cikin zabira ɗaya har zuwa zamanin iyayenmu, a wasu ƙauyukan ma har gobe.

Yadda aska ke ci

Wanda ya taɓa zama a gaban gwanin wanzami ya san dalilin da dattawa ke yabon aska. Za a shimfiɗa tabarma ko buzu, mai aski ya zauna, wanzami ya tsuguna. Ya jiƙa kan da ruwa da sabulu ya murza sosai, domin gashin da ya sha ruwa ya fi laushin yanka. Ya goga askar a fata ko a tafin hannunsa don ya miƙar da bakinta. Sannan ya ja fatar kai da yatsun hagu ta miƙe, ya kwantar da askar, ya riƙa ja a hankali daga ƙeya zuwa gaba. Daga nan Hausawa suka samo zancen aski ya zo gaban goshi. In ƙwal-kwabo ake so, kai zai fito sumul, hula ko rawani su zauna daidai. Yara a da a bar musu zanko ko tukku. Daga ƙarshe a yi gyaran fuska: a daidaita saje, a share gefen kumatu, a rage gashin baki, a bar gemu.

Aska tana da abubuwa uku da ake yaba mata. Bakinta ɗaya ne, kuma a buɗe yake, don haka gashi ba ya cushe ta. Mai riƙe da ita yana iya sauya kwanciyarta gwargwadon tudu da kwarin kai. Sannan ba ta ƙarewa da wuri: in ta dakushe a koma dutse, kuma aska ɗaya takan yi wa uba aiki ta yi wa ɗa.

Dakushewar ƙarfe a kan gashi ta daɗe tana ba masana mamaki, ganin gashi ya fi ƙarfe laushi nesa ba kusa ba. A 2020 masu bincike a jami'ar MIT ta Amurka suka wallafa sakamakon aikinsu a mujallar Science, inda suka nuna cewa silin gashi ɗaya yana iya ɓantare ɗan ƙaramin gutsure daga bakin reza, musamman in ya lanƙwashe lokacin yanka. Wanzami yana magance wannan da dutse da fata. Kamfanonin reza kuwa sun magance shi ta wata hanya dabam: a jefar, a sayi sabuwa.

Zuwan reza

Wanda ya yi fice da wannan dabara shi ne King Camp Gillette, wani Ba'amurke mai yawon tallar kaya. Ya kafa kamfaninsa a 1901 da nufin yin ƙarfe siriri mai arha wanda ba a wasawa. A 1903, shekarar da ya fara sayarwa, ma'aska 51 da reza 168 kacal suka shiga. A 1904 ya samu takardar mallakar fasaharsa, ciniki kuma ya buɗe. Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ƙarasa masa aikin, domin gwamnatin Amurka ta raba wa sojojinta miliyoyin ma'askan nan, suka koma gida da ɗabi'ar aske fuskarsu kullum da safe. A 1962 kamfanin Wilkinson Sword na Ingila ya fito da rezar da ba ta tsatsa. A 1971 kamfanin Gillette ya fito da mai baki biyu. A 1975 kamfanin Bic na Faransa ya kawo ta roba, wadda ake yarwa gaba ɗayanta har da mariƙin.

A ƙasar Katsina reza ta shigo ta hanyar da sauran kayan Turai suka bi: kantunan kamfanoni a garuruwan cinikin gyaɗa da auduga, sannan teburan 'yan tireda da tiren 'yan koli. Ma'aikatan En'e da malaman makaranta da sojoji suna cikin waɗanda suka fara mallakar ma'askinsu. A hankali reza ta zama kayan kowane gida. Sunaye irin su Nacet mai hoton kada da Tiger suka zama sanannu. Da ita ake yanke farce, da ita ɗan makaranta ke fiƙe fensir, da ita tela ke warware ɗinki, da ita ungozoma ke yanke cibi.

Amma ba ta kori wanzami nan take ba, kuma akwai dalili. Gillette ya ƙera ma'askinsa ne don Baturen da ke tsayawa gaban madubi ya share haɓarsa. Bahaushe Musulmi yana barin gemunsa, kansa yake askewa, kuma ƙeya ba wurin da mutum ke gani ba ce. Ma'askin roba yana cushewa a cikin sumar kai tun kafin a je ko'ina. Saboda haka magidancin Kusada ko na Kafin Dangi ya ci gaba da neman mai yi masa aski, ko da akwai reza a aljihunsa.

Abin da ya fara janye samari daga tabarmar wanzami shi ne kilifa. Leo Wahl, wani Ba'amurke, ya samu mallakar kilifar lantarki a 1921, amma sai da wuta ta iso garuruwanmu ta zama abin yau da kullum. A shekarun 1970 'yan makaranta suka fara tara suma, askin ƙwal-kwabo ya zama na yara da tsofaffi a idonsu. Bayan an ƙirƙiri Jihar Katsina a 1987, ma'aikata da ɗalibai suka ƙaru a hedikwatocin ƙananan hukumomi. Shagunan aski masu madubi da kujera da rediyo suka jeru a bakin titin Kano zuwa Katsina, wanda ya ratsa Kankiya. Mai shagon ba ya bukatar gado, 'yan watanni na koyo da ƙaramin janareta sun ishe shi. Yanzu ma, tun bayan cire tallafin man fetur a 2023, da yawa sun koma kilifar caji da hasken rana.

Jini a bakin ƙarfe

Babban abin da ya karya askar gado shi ne sanin da aka samu kan cututtukan da jini ke ɗauka. An ba da rahoton ɓullar cutar ƙanjamau a Nijeriya a 1986. Daga nan gidajen rediyo da asibitoci suka shiga gargaɗi kan allura da aska da duk wani abu mai kaifi da mutane ke tarayya a kai. Mutane suka fara tafiya wurin aski da rezarsu, masu hali suka sayi kilifarsu.

Ƙanjamau aka fi tsoro, amma ciwon hanta nau'in B ya fi ta saurin bin ƙarfe. Ƙwayar cutarsa tana iya rayuwa aƙalla kwana bakwai a busasshen jini a wajen jiki, kuma ɗigon da ido ba ya gani ya isa. Babban binciken ƙasa da aka gudanar a 2018 ya gano kusan kashi 8 cikin 100 na 'yan Nijeriya masu shekara 15 zuwa 64 suna ɗauke da ita, yawancinsu ba su sani ba. Wanda ya kamu yana jariri shi ya fi shiga haɗari, domin cutar takan zauna masa har girma, ta iya lalata hanta ko ta kai ga sankara. Goga aska a tafin hannu ko a tsumma ba ya kashe wannan ƙwaya. Ga kuma cutar tetanus da ke shiga ta rauni ta sandarar da jikin jariri, ga makero da ke bin kan yara daga wannan zuwa wancan.

Wannan ba laifin kakanninmu wanzamai ba ne, domin sun yi aiki da iyakar sanin zamaninsu, kuma sun yi wa jama'a hidima a lokacin da babu asibiti ko ɗaya a tsakanin Katsina da Kano. Amma sanin ya zo, kuma ya shafi wasu ayyukan zabira kai tsaye. Likitoci sun daɗe suna bayanin cewa beli halitta ce da kowa ke da ita, cire shi kuma yana jawo zubar jini da shigar cuta. Yankan gishiri da na angurya da ake yi wa mata suna cikin abubuwan da ke haddasa yoyon fitsari. Dokar kare haƙƙin yara ta tarayya ta 2003 ta hana yi wa yaro tsaga, dokar hana cin zarafi ta 2015 kuma ta haramta kaciyar mata.

Ita ma reza ba ta kuɓuta daga zargi ba. Sunanta mai amfani sau ɗaya, amma talauci yakan sa a maimaita ta. Reza ɗaya da aka yi wa yara biyar aski da ita a tsakar gida haɗarinta ɗaya ne da na askar da ba a tafasa ba. Haka kilifar shago da ake fesa wa ɗan sifirit ko a goga wa kananzir a ɗora a kan na gaba nan take, alhali takan yanki fata wajen gyaran gaban goshi da ƙeya. Ma'askin roba mai baki biyu ko uku kuma yana da tasa matsalar ga masu murɗaɗɗen gashi irin namu. Bakin farko yana jan gashin, na biyu ya yanke shi, ragowar ya koma ƙarƙashin fata, in ya tashi tsirowa sai ya lanƙwashe ya soki naman. Daga nan ƙurajen aski ke fitowa a wuya da haɓa. Shi ya sa likitocin fata ke ba masu irin wannan gashi shawarar amfani da baki ɗaya, a bi kwanciyar gashi, kada a matsa sai an kai ga saiwa. Ga kuma sharar da ke biyo baya: tsohuwar rezar da aka yar a bola ko a lungu takan ƙare a ƙafar yaro ko ta dabba.

Wacce ta fi?

In ana maganar kyawun aski da lafiyar fata da tattalin kuɗi, aska a hannun gwani ta fi ma'askin roba. In ana maganar ƙarfe ɗaya da zai bi kawuna da yawa a wuni ɗaya, sabuwar reza ta fi, kuma babu wata gwaninta da za ta cike wannan giɓi. Askar da mutum ya mallaka shi kaɗai, yake wanke ta ya busar, ba ta da aibu. Askar haya kuwa sai an wanke an tafasa ta sosai bayan kowane mutum, abin da ke da wuya ga mai zagaya kasuwa da zabira.

Mafitar da aka samu ta haɗa biyun. Akwai mariƙi mai siffar aska wanda ake ɓalla reza gida biyu a zura masa rabi, a yi wa mutum ɗaya aski a cire a yar. Riƙon na aska ne, kwanciyar hannun ta wanzami ce, bakin kuma sabo ne. Alhazan Kankiya da Kusada sun ga wannan a Mina, inda dubban ɗaruruwan mutane ke aske kai bayan jifa, hukumomin Saudiyya kuma suka wajabta wa masu askin da suka ba izini amfani da reza sabuwa ga kowane alhaji. A gida ma wanzamai da yawa sun karɓi wannan tsari, har wasu sukan ɓare rezar daga takardarta a gaban mai aski don hankalinsa ya kwanta.

Abin da ya rage shi ne a kai wannan tsari ga sauran ayyukan zabira, kuma Kankiya tana da abin da ake bukata. Akwai babban asibiti a garin, akwai makarantar koyon aikin lafiya da ke yaye ma'aikatan da ke riƙe da ƙananan asibitocin jihar, akwai kuma sarakunan aska da wanzamai ke jin maganarsu. Zama tsakanin waɗannan ɓangarori zai iya tabbatar da reza ɗaya ga kai ɗaya, da tukunyar tafasa ƙaho da 'yar tsaga, da gwangwanin tara tsofaffin reza, da yi wa wanzaman kansu gwaji da rigakafin ciwon hanta, tunda su ne hannunsu ke cikin jinin mutane kullum.

Wanzami yana da wata dama da ma'aikacin lafiya ba ya samu cikin sauƙi. Yana shiga gidan da aka yi haihuwa a makon farko, ko da a gida aka haihu, kuma maigida yana sauraronsa saboda ubansa ma ya saurari uban wanzamin. Nijeriya ta sa rigakafin ciwon hanta nau'in B cikin allurar yara tun 2004, kuma ana son a yi ta farko cikin awa 24 da haihuwa. Wanzamin da aka sanar da shi haihuwa tun ranar farko, kamar yadda al'ada ta tanada, yana iya tambayar maigida ko an kai jaririn an yi masa allurar, in ba a kai ba ya nuna masa asibitin da ya fi kusa kafin ranar suna ta zo.